Gawayi, soda da warin ramin jima: littafin aikina

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Na sayi littafi na musamman don wannan aiki, saboda takardun da nake cusawa a aljihu wanki ke cinye su.

A ɗakin gwaji na wani kamfanin jimar fata nake aiki, a yankin Chalawa da ke Kano. Bayan ɗakin injin akwai ramin da duk ruwan aiki ke taruwa kafin a tura shi gaba, an rufe shi da tsofaffin fallayen kwano. Duk wanda ya taɓa giftawa ta wajen ya san warin, sak ruɓaɓɓen ƙwai. Iskar haidirojin salfaid ce, H2S, daga sodiyom salfaid ɗin da ake haɗawa da laim, wato farar ƙasa, don zubar da gashin fata. Sau biyu bana ana canza wayoyin akwatin wutar da ke kusa da ramin, jan ƙarfen ya koma baƙi ƙirin. Wannan asarar kuɗi ce, da sauƙi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yaron da ya sunkuya makon jiya don ya cire tsumman da ya toshe magudana, jiri ya kwashe shi, sai janye shi aka yi yana amai.

Baba mai gadi ya ce mini, "Ai ɗana in ka daɗe a wajen warin ɓacewa yake yi." Na ce masa, "Baba, wannan ɓacewar ita ce abin tsoro." Hanci yana jin iskar nan tun ba ta kai ppm 1 ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan, amma in ta kai wajen 100 sai ta kashe jin warin gaba ɗaya. Daga 700 zuwa sama kuwa numfashi ɗaya ko biyu ya isa ya kayar da ƙato. Ga shi ta fi iska nauyi, a ƙasa take kwanciya, daidai inda mai sunkuyawa ke kai fuskarsa.

Abin da nake so in gwada: a zuƙo iskar ramin da fanka, a bi da ita ta cikin gawayin tacewa da aka shayar da sodar sabulu. Gawayin kuma ina so in yi shi da kaina daga ɓawon ƙodagon goruba. Manaja ya ce in yi gwajin, amma daga aljihuna, in ya ga sakamako sai a yi magana.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ƙodago rabin buhu daga wajen masu dakan garin goruba, ₦1,500, wai kuɗin tsinta. Asid ɗin fosforik lita 1, ₦5,500. Soda kilo 1, ₦2,300. Safar hannu da tabarau na kariya ₦4,000.

Fasa ƙodago ba aikin rago ba ne. Mai injin niƙa na unguwarmu yana gani ya ce in kwashe kayana, ba zai kashe haƙoran injinsa ba. Ni da ƙanena muka zauna da guduma a kan dutse har magariba.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Gawayin girki ba ya wannan aiki. Wanda ake kira na tacewa cike yake da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, ta yadda giram ɗaya zai iya samun faɗin da ya kai murabba'in mita 1,000 in aka shimfiɗa cikinsa. Hanya biyu ake buɗe ƙofofin: da tururi a zafin da ya haura digiri 800, ko da sinadari. Ba ni da tanderun da zai kai can, shi ya sa na ɗauki asid, wanda ke aiki a digiri 450 zuwa 500.

Na rairaye ɓawon na ɗebi mai girman ƙwayar gero, giram 500, na jiƙa shi da asid daidai nauyinsa, ya kwana. Na busar, sannan na sa a tanderun ɗakin gwaji cikin tukunya mai murfi, awa ɗaya da rabi a 480. Ya fito baƙi sidik, ba nauyi. Bayan wanki da shanya na samu giram 205.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na je Ƙofar Ruwa. Bututun roba na rabin inci, siririn tiyo, famfon iska guda huɗu irin na masu kiwon kifi, ƙaramin batir. Duka ₦31,000. Na aro mitar iska wajen wani abokina da ke aikin gas, tana karanta H2S daga ppm 0 zuwa 100.

Talata, 26 ga Nuwamba

An haɗa. Bututu huɗu, kowanne da gawayi giram 10 tsakanin auduga biyu, iska lita 1 a minti. Na farko gawayi tsura, sauran ukun na shayar da su soda giram 5, 10 da 20 a kowane giram 100. Iskar da ke shiga tana wasa tsakanin 30 da 80, na ɗauki 50 a matsayin tsakiya. A wannan lissafi kowane bututu yana karɓar wajen miligiram 4 na H2S a awa.

A bakin kowane bututu na manna takardar gwaji ta dalma, fara ce, da zarar iskar ta fara wucewa sai ta yi ruwan ƙasa sannan ta yi baƙi. Tunda ba kwana nake a kamfani ba, Baba ya yarda zai riƙa dubawa duk lokacin da ya tashi alwala. Na ba shi alli, in ya ga ta canza ya ja layi a jikin bango ƙarƙashin lambar bututun, ya riƙe mini ko wace salla ce. Na gargaɗe shi kada ya taɓa takardar da hannu, kada kuma ya leƙa ramin. Wurin da na kafa kayan yana nesa da bakinsa da taku goma, ta ɓangaren da iska ke fitowa.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Abin kunya. Gawayi tsura ya huje, wato iskar ta fara wuce shi, a awa 9, wannan na zata. Amma mai soda 5 awa 11, mai 10 awa 14, mai 20 awa 13. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Na zuba giram ɗaya na gawayin da ban sa wa soda ba a ruwa mai tsabta, na tafasa, na tsoma takardar pH, wadda ke nuna 7 in ruwa tsaka-tsaki ne, ƙasa da haka in asid ne, sama da haka in irin na soda ne. Ta nuna 3. Wato asid na nan daram a cikin ƙofofin. Wankin da na yi sau huɗu da ruwan sanyi wankin sama-sama ne kawai. Sodar da na zuba, maimakon ta jira H2S, ta tafi kashe asid ɗin da na bari. Laifina ne, na yi gaggawa ranar don in samu sallar la'asar a jam'i, na ga ruwan wankin ya yi garau na ce ya isa.

Talata, 3 ga Disamba

Kwana uku ina wanki da ruwan zafi. Sai a karo na 13 pH ya kai 6 da ɗoriya. Ruwan wankin farko na tara a jarka, asid ne, ba na zubarwa a magudanar da ke zuwa ramin ba ko kusa.

Asabar, 7 ga Disamba

Zagaye na biyu. Tsura awa 10. Mai 5 awa 21, mai 10 awa 26, mai 20 awa 17. An samu ci gaba, amma ba abin da za a kai gaban manaja ba ne. Mai 20 ɗin nan tun wajen shanya na ga farin ɓawo ya fito masa kamar kanwa, sodar ta yi yawa ta toshe bakin ƙofofin. Na cire shi daga lissafi.

Asabar, 14 ga Disamba

Na ɗauki hotunan kayan na je wajen wani tsohon malaminmu na jami'a da ya yi ritaya. Ya daɗe yana kallon hoto guda, sannan ya sa yatsa a kan wata kwalba da ke gaban bututan. "Wannan fa?"

Na ce, "Silika jel ne, Malam. Don ya tsotse danshi kada ruwa ya cika ƙofofin gawayin."

Ya cire tabarau ya yi dariya har da tari. Ya ce da tururin fetur ko na fenti nake kamawa da na yi daidai, amma wannan iskar ba makalewa kawai take yi ba. Sai an samu siririn danshi a bangon ƙofofin, H2S ta narke a ciki, soda ta riƙe ta, sannan iskar oksijin ta zo ta mayar da ita farar wuta da ruwa. Farar wutar ce ke taruwa a ciki har ƙofofin su cika. Ba danshi, ba inda za a yi wannan haɗuwa. Ya ce ko gwajin da kamfanoni ke auna irin wannan gawayi da shi, ASTM D6646, da iska mai danshi ake yinsa, H2S kashi 1 cikin 100, a tsaya in abin da ke fita ya kai ppm 50.

Wato ni da hannuna na busar da gawayin ƙarau a tanda, na sa masa silika a gaba, ga kuma hunturu ya shigo, iskar da ke kutsawa ta ɓarakar kwanon ramin busasshiya ce ƙamas. Garin neman gira na rasa ido. A hanyar dawowa cikin adaidaita ina ta jin haushin kaina, don wannan magana tana cikin takardun da na karanta, idona ne ya tsallake ta tunda ta saɓa wa abin da na riga na ƙudurta.

Kafin in fito ya ƙara da cewa in da hali in gwada potasiyom ayodaid, yana hanzarta aikin. Na tambayi kuɗinsa a Sabon Gari na ja bakina na yi shiru.

Talata, 17 ga Disamba

Na cire silika. A madadinsa iska tana bi ta cikin kwalbar ruwa tana ɓulɓula kafin ta isa gawayin. Mitar na mayar bayan kwalbar, don ruwan ma yana ɗan riƙe iskar da farko. Bututu na huɗu da ya zama fanko na zuba masa gawayin ɓawon kwakwa irin wanda masu fiya wata ke tace ruwa da shi, na roƙo gwangwani ɗaya wajen wani maƙwabci, na shayar da shi soda 10. Ina so in ga inda nawa ya tsaya a kansa.

Alhamis, 19 ga Disamba

Da asuba sanyi ya sa raɓa ta taru a tiyo, ta gangara cikin bututu na biyu ta jiƙa shi sharkaf, famfon yana ta gurnani iska ba ta wucewa. Ruwan da ya ɗigo ta ƙasa santsi gare shi, wato ya wanko sodar. Na sa kwalba marar komai tsakanin ruwan da gawayin don raɓar ta tsaya a can, na ɗaga bututan sama da tiyo. Bututu na biyu ya tafi, sauran ukun lafiya.

Litinin, 23 ga Disamba

Yau na yi murmushi. Tsura awa 19. Nawa mai soda 10 awa 92. Na kwakwa mai soda 10 awa 130, Baba ya ce tsakanin isha da asuba takardarsa ta juya, don haka akwai kuskuren awa uku ko huɗu a ciki.

Na zazzage nawa a kan farar takarda. Ƙwayoyin da ke bakin shigar iska sun yi wani fari-fari mai ratsin rawaya, kamar an barbaɗa musu garin masara. Na murza ɗaya da bayan cokali, ga farar wuta nan ƙarara. Baba ya sa ido ya ce, "Ikon Allah, wannan ai ita ce ake sayarwa a Kurmi." Na ce ita ce, Baba, amma wannan ba ta shafawa ba ce.

A lissafi nawa ya kama wajen miligiram 38 a kowane giram, na kwakwa 55.

Asabar, 28 ga Disamba

Na wanke gawayin da ya cika da ruwa, na sake ba shi soda, na mayar. Awa 34 kawai. Ruwa yana fitar da gishirin salfet, amma farar wuta ba ta narkewa a ruwa, tana nan zaune.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na zauna da biro, kuma lissafin bai yi mini daɗi ba. In ina son kilo 20 na gawayin ƙodago, sai na fasa ɓawo kilo 50, in jiƙa da asid kilo 50, wajen lita 30 ke nan. A farashin da na saya ₦165,000, ban sa itace ko gas ba, ban sa ruwan wanki ba, ban sa hannun ƙanena da ya riga ya yi kanta ba. Ana iya tato wani kaso na asid ɗin daga wankin farko a sake amfani da shi, amma wannan aikin masu kayan aiki ne. Buhun gawayin kwakwa mai kilo 25 kuwa an yi mini ₦68,000, kuma ya fi nawa kamawa.

Na so ƙwarai a ce da gorubar Haɗeja da Gashuwa aka yi maganin warin Chalawa, har na fara tsara yadda zan faɗa wa mutane. Ƙodagon ya yi aiki, ba a ce bai yi ba. Amma duro da na kwakwa zan cika. Ragowar ƙodagon na ɗaure na ajiye saman rumfa.

Laraba, 8 ga Janairu

Na kai wa manaja takardun da suka yi baƙi da ƙwayoyin masu rawaya a cikin leda. Ya juya su ya ce, "To nawa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ₦190,000 har da fanka." Ya sa hannu a ₦150,000.

Asabar, 11 ga Janairu

Gawayi ₦68,000. Shuɗin duro na roba ₦14,000. Fanka mai zuƙo iska, ta hannu, ₦42,000. Bututun inci uku da gwiwoyi ₦19,000. Soda kilo 3. Mai walda ₦8,000 na ƙafar da duron zai zauna. Na ciko ₦8,000 daga aljihu.

Roba na zaɓa saboda ƙarfe ba ya jure wannan iska da danshi. A gindin duron na sa raga a kan bulo uku don iska ta bazu kafin ta hau, in ba haka ba za ta samu hanya guda ta bi ta bar sauran gawayin yana barci.

Laraba, 15 ga Janairu

Shayar da kilo 25 ba kamar giram 10 ba ne. Soda kilo 2.5 a ruwa, robar ta yi zafi har ba a iya riƙe ta. Soda ake zubawa a ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda. Wani ɗigo ya samu wuyan hannuna ta saman safa, na wanke nan take amma ya bar tabo. Na shanya gawayin a inuwa kan tamfol, na kwashe shi da sauran laima.

Litinin, 20 ga Janairu

An kunna da ƙarfe tara. Iska wajen kubik mita 60 a awa, wato tana ɗaukar kamar daƙiƙa uku a cikin gawayin. Shiga 46, fita 0.

Wajen goma da rabi na dafa duron na ji shi da ɗumi. Ma'aunin zafin da na soka a tsakiya ya tashi daga 27 zuwa 41. Gabana ya faɗi, domin an san gawayi mai soda ya fi tsura saurin kama wuta, musamman in iska mai ƙarfi ta shiga sannan aka kashe fanka zafin ya rasa mai kwashe shi. Na kira Malam. Ya ce sabon gawayi yakan yi haka in ya fara shan danshi, soda kuma tana kama iskar kabon dayoksaid, duka biyun zafi suke fitarwa. Kada in kashe fanka, in zuba ido. Na ja benci na zauna da bokitin ruwa biyu a gefe. Da azahar ya sauko 33. Na rubuta a jikin duron da fenti: in ya haura 60 a kira ni, kada a kashe fanka.

Laraba, 22 ga Janairu

Fita 0. Masu aikin ɗakin injin sun ce yau sun ci abinci a ciki.

Asabar, 25 ga Janairu

Jiya da yamma mitar shiga ta buga 100 ta tsaya tana ƙara, ba ta iya nuna abin da ya wuce haka. Na kori kowa daga bayan ginin. Fita ta kai 6 kafin ta koma 1 bayan awa guda.

Da na bi sawu, ashe an saki ruwan zubar da gashi, ba a yi minti ashirin ba aka saki ruwan asid da gishiri da ake jiƙa fata kafin a jeme ta da sinadarin kurom, duka a magudana ɗaya. Ruwan laim yana fitowa da pH wajen 12, a nan salfaid a narke yake, ba ya tashi. Ko a 9 kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai ke zama iska. Da asid ya ja shi zuwa 7, rabinsa ya zama H2S. Na tsoma takarda a ramin, 7 da 'yan kai. Ba yau aka fara ba, ranar da yaron nan ya faɗi ma na duba littafin aiki, haka aka yi.

Dama lissafin duron yana damuna. A shigar 50, iskar da fanka ke jawowa tana kawo giram 100 na H2S a yini, gawayin kuma gaba ɗaya bai fi kilo 1.4 zai ɗauka ba. Mako biyu ke nan, a sake buhun ₦68,000. Babu manajan da zai yarda da wannan, ni ma da kuɗina ne ba zan yarda ba. Amma in shiga ta sauko ƙasa da 10, buhu ɗaya zai haura wata biyu.

Na samu shugaban masu aikin duro-duron jima na ce, "Yaya, don Allah a bar awa huɗu tsakanin sakin ruwan nan biyu, kafin a samu a raba musu hanya." Ya ce oda daga sama take zuwa, shi dai in an ce saki sai ya saki. Gaskiyarsa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Manaja ya amince da tazarar, kuma a kwashe ramin da famfo kafin a saki na asid. Kwana biyar ke nan shiga tana tsakanin 12 da 20, fita 0 zuwa 1. Raba magudanar kuwa ya ce sai bayan azumi, mai gini ya yi masa ₦400,000.

Abin da ke gabana: Litinin zan buɗe duron in ɗebi gawayi daga ƙasa, tsakiya da sama in ga inda rawayar ta kai. Zan huda gefensa a wuri biyu in sa ƙananan tiyo don in riƙa aunawa ba sai na buɗe ba. Ina kuma son gwada hura iska a ruwan laim shi kaɗai da ɗan manganis salfet, hanyar da manyan kamfanonin jima ke bi su mayar da salfaid gishirin da ba ya tashi, zan fara da bokiti mai lita 20 da famfunan kifin da suka zama ba aiki. Ban riga na tsayar da inda za a kai gawayin da ya cika ba, ƙona shi ba zai yiwu ba don farar wuta hayaƙi mai shaƙe mutum take yi, yanzu dai a jarka mai murfi zai zauna.

Abokina ya bugo yana son mitarsa ranar Laraba. Sabuwa ₦120,000 aka ce mini.